Surukina Ya Zo Tare Mini Faɗa

Lokacin da aka yanke mu daga Sakkwato aka ba mu jiharmu, ina cikin ma'aikatan da aka ce su tattara nasu ya nasu su koma Birnin Kebbi. Aikina buga tafireta ne. Garin bai shirya wa baƙi masu yawa haka ba, don haka ofisoshi da dama a gidajen haya suka zauna, ma'aikata kuma aka cunkushe uku-uku, huɗu-huɗu a ɗaki guda. Ni na yi sa'a, na samu rabin ɗaki a unguwar Nasarawa. Ɗaya rabin na wani akawu ne da muke sashe ɗaya, mutum mai raha wanda ban taɓa ganin abin da ya ɗaga masa hankali ba. Matata na bar ta Argungu wajen mahaifiyata. Duk Juma'a in an sauko masallaci sai in hau mota in tafi, in dawo Litinin da sassafe.

Mun yi 'yan shekaru a haka kafin a kawo wa sashenmu kwamfuta. Aka ware mata ɗaki ita kaɗai, aka shimfiɗa leda, aka sa tela ya ɗinka mata mayafi, aka kuma kafa doka cewa ba mai shiga da takalmi. Wani injiniya ya zo daga Kaduna ya haɗa ta, ya kwana uku yana koya mini, tunda ni ne mai buga takardu. Babbar matsalarsa da ni ita ce ƙarfin hannu. Tafireta duka take so, in ba ka doke ta sosai ba kwafi na uku ba ya fitowa, yatsuna kuma sun shekara goma suna wannan dukan. Duk sanda na buga harafi sai in ga injiniyan ya runtse ido. Ranar da zai koma sai ya buɗe mini wani wasa da ya ce ya zuba a ciki, wai in riƙa yi bayan an tashi aiki don hannuna ya yi laushi.

Wasan na wata ƙasa ce da ba a taswira, mai duwatsu da dazuzzuka da ƙauyuka masu rufin ciyawa. Farkon abin da yake tambayarka shi ne wane irin mutum za ka zama: mayaƙi mai takobi da garkuwa, ko maharbi, ko matsafi, ko ɓarawo. Ɓarawon ban ma tsaya dubansa ba. Matsafin na nemi tsari na wuce, don gidanmu gidan karatu ne. Maharbi kuwa na ga kamar ragwanci ne namiji ya laɓe can nesa yana jifa. Na zaɓi mai takobi. Akawu, da ya ja kujera ya zauna kusa da ni, ya buɗe nasa ya zaɓi maharbi, ya ce shi ko a kasuwa aka fara rigima daga nesa yake kallo.

Madannan ba su da yawa. Huɗu na tafiya, ɗaya na sara, ɗaya na ɗaga garkuwa, ɗaya na buɗe jaka, ɗaya na gaisawa da mutane. A saman allon akwai wani jan layi wanda shi ne ran mayaƙin, duk dukan da ya sha layin na raguwa. Na ga abin bai kai wahalar takarda mai tebur da layuka ba. Abin da ban lura da shi ba shi ne, madannin sara da na jaka maƙwabtan juna ne.

Aikin farko da aka ba mayaƙina, wata mai masauki ce ta roƙe shi ya shiga rumbunta ya kashe mata ɓeraye. Na shiga da ƙwarin gwiwa. Ɓerayen kowanne ya kai gafiya, suka taso su uku. Na danna sara da ƙarfin tafireta, sai ga jaka ta buɗe ta rufe allon, ana nuna mini ina da burodi biyu da igiya da kyandir. Ina neman yadda zan rufe ta, ina jin ƙarar cizo ta bayanta. Da jakar ta rufu, jan layin saura ɗan tsinke. Na kai sara, na sari bango. Na juya, na sari ganga. Mayaƙin ya durƙusa ya kife, kwamfutar ta saki wani kiɗa mai sanyi irin na makoki.

Wannan kiɗan ya zama abokin zamana. Akawu ko yana ɗaki na uku in ya ji shi sai ya taso ya leƙo, ya cire hula ya yi mini ta'aziyya, ya tambayi ko mamacin ya bar wasiyya. Kwana huɗu na yi kafin in gama da ɓerayen, na ƙarshensu ma ba ni na kashe shi ba, maƙalewa ya yi a bayan buhu na yi ta saran buhun har aka dace.

Daga nan abubuwa suka ci gaba da lalacewa. A ƙauyen akwai wata tsohuwa mai sayar da jan magani a kwalba, wanda in mayaƙi ya sha ransa ke dawowa. Na je gabanta da niyyar in gaishe ta, yatsana ya zame, na zabga mata takobi a kafaɗa. Ba ta mutu ba, amma daga ranar duk sanda na doso sai ta rufe taga. Haka na riƙa fita yaƙi ba magani, sai burodi. Na kuma gano cewa jikina bai yarda wasa ake yi ba. In abokin gaba ya kawo sara, ni ke gocewa a kan kujera, mayaƙin kuwa yana tsaye ƙiƙam yana karɓa. In na so ya yi sauri sai in miƙe tsaye in turo ƙirji gaba, kamar mai tura mota.

Duk da haka na lallaɓa, da faɗuwa da tashi, na wuce ƙwarangwal biyu da wani ɗan fashi, har na iso wata gada ta katako a kan gulbi. Ba wata hanya sai ita. A bakinta wani ƙato ne tsaye, mai sanƙo, ba riga, da gatari a kafaɗa. Mayaƙina a gefensa kamar ɗan akuya a gefen raƙumi. Dabarata ɗaya ce tun farko, in ruga in yi ta danna sara da sauri har wani ya faɗi, kuma kullum ni ke faɗuwa. Sara uku yake yi mini. Wani lokaci biyu, in yana sauri.

Akawu ya wuce gadar tun a kwana na biyu. Wani dutse ya hau can nesa ya yi ta sakin kibiya ɗaya-ɗaya yana cin gyaɗa, har ƙaton ya faɗi bai san mai harbinsa ba. Ya ce in sake sabon wasa in ɗauki baka. Na ce ban zo duniya in yi faɗan ɓoye ba. Na shafe mako uku a bakin gadar nan. Kullum in an tashi aiki in yi sallar la'asar in rufe kaina a ɗakin, sai rana ta yi ja in fito ina jan ƙafa. Wuyan hannuna na dama ya kumbura, rabi don danna madanni, rabi don dukan tebur, har na shafa man zafi na naɗe shi da bandeji. Ran wata Alhamis kuma ƙaton ya kawo wani sara ta gefe, na goce da dukkan ƙarfina, goshina ya haɗu da kusurwar durowar fayil. Nan take wurin ya tashi kamar ƙwan zabo.

A haka na tafi Argungu washegari. Akawu ya biyo ni, don yana son sayen busasshen kifi ya aika wa iyalinsa. Ran Asabar da hantsi muna zaune a zaure, hira ta koma inda ta saba komawa. Na ce masa ni abin ya ishe ni, da na ɗora ƙafa a kan gadar sai mutumin ya sauke gatari daga kafaɗa, ranar Laraba kaɗai sau huɗu yana kai ni ƙasa. Akawu ya ce in gwada zagayawa ta bayansa. Na ce na gwada, juyowa ya yi ya same ni a haƙarƙari. Ya ce to in haƙura mana. Na ce ko ni ko shi, ranar Litinin zan koma masa. Ban san matata na tsaye bayan ƙofar cikin gida da tiren abinci ba.

Bayan akawu ya tafi kasuwa ta same ni a ɗaki. Ta dubi goshina, ta dubi bandejin, ta ce, “Malam, wa ya taɓa ka?”

Na ce durowa ce. Ta tambayi hannun fa, na ce aiki ne. Gaskiya na faɗa duka biyun, amma ko ni da na ji su a kunnena ban yarda ba. Sauran gaskiyar kuwa kunya ta hana ni. Ina magidanci, ma'aikacin gwamnati, ba zan iya buɗe baki in ce wa matata wani hoto a cikin akwati ne ya hana ni sukuni ba. Ran Lahadi ta nemi izinin zuwa gaida iyayenta, na ce ta gaishe su.

Mahaifinta manomin shinkafa ne a fadama. A ƙuruciyarsa ya yi dambe, in an gama girbi gari-gari yake bi, kuma har tsufansa hannunsa na dama ya fi na hagu kauri, hancinsa ya ɗan karkace gefe guda. Tun da na auri 'yarsa ban taɓa haɗa ido da shi ba. In na je gidansa daga nesa nake tuɓe takalmi in durƙusa, mu gaisa, ya tambayi aiki, in ce da godiya, ya sa mini albarka in tashi. Maganar da ta taɓa shiga tsakaninmu ba ta wuce wannan ba.

Ran Talata wajen ƙarfe goma ina buga wata takardar taro sai na ji hayaniya a bakin ƙofa. Gidan da ofishinmu yake akwai magudanar ruwa mai faɗi a gabansa, an jera katakai uku a kai ana takawa a shiga. Maigadinmu tsohon soja ne, dogo, ƙaƙƙarfa, kansa ba gashi ko ɗaya, amma ban taɓa ganin mai sanyin hali kamarsa ba, kuɓewa yake nomawa a bayan ofis yana raba mana. A makon nan iska ta karya reshen darbejiyar da ke bakin ƙofa, shi kuma ya tuɓe riga ya ari gatari yana faskarawa, daidai bakin katakan.

Na leƙa ta taga. Surukina ne tsaye a ɗaya gefen magudanar. Ya cire babbar rigarsa ya ninke ta ya ɗora kan katanga, ya aza hularsa a kai, yana naɗe hannun dama da wani ƙyalle a tsanake.

“Kai na mai gatarin?” ya ce wa maigadi. “Aje shi ƙasa. In kai namiji na, taho hannu da hannu.”

Maigadi ya dubi gatarin, ya dubi tsohon. Daga baya ya gaya mini ya ɗauka mai itacen ne ya zo. Ya fara ba da haƙuri yana cewa iska ce ta karya, ba shi ba. Surukina ya ce shi bai san iska ba, ya san dai an fasa wa mijin ɗiyarsa goshi, an targaɗa masa hannu, an hana shi ƙetare gada ya je neman abincinsa, kuma yau za a yi ta ta ƙare.

Na fito a guje ba takalmi, don nawa suna ƙofar ɗakin kwamfuta kuma ban tsaya nema ba. Ina isowa kan katakan sai ladabi ya riga hankali, na durƙusa nan tsakiyar gadar na fara gaisuwa. Shi ma bai yanke ba. Da hannunsa a naɗe ya amsa mini ina kwana, ya amsa gajiya, ya tambayi aiki, na tambayi mutanen gida da ruwan bana, ya ce alhamdulillahi. Sai da muka kai ƙarshe sannan ya nuna maigadi da haɓa ya ce, “Wanga na?”

Na ce ba shi ba ne, Baba. Ya tambayi to ina mutumin yake. Bakina ya suɓuce na ce yana ciki. Kafin in gyara maganar ya tsallake ni ya nufi ƙofa.

A baranda ya ci karo da shugaban sashenmu, wanda hayaniyar ta fito da shi. Mutum ne mai tabarau da ba ya ɗaga murya, kuma mun fi tsoron shirunsa da faɗan wani. Ya gaida tsohon da girmamawa, ya saurari ƙarar tun daga farko har ƙarshe, sannan ya juyo ya dube ni ta saman tabarau. Ma'aikata sun cika tagogi. Akawu ya jingina da bango ya cusa hularsa a baki, kafaɗunsa na rawa. Nan na tsaya, ƙafa ba takalmi, na yi bayanin ɓeraye da jaka da tsohuwa mai magani da gada, muryata na ƙara ƙanƙancewa. Da na gama, shugaba ya ce tunda baƙo ya taso tun daga Argungu, bai kamata ya koma bai ga wanda ake ƙara ba.

Muka shiga mu biyar, ni da surukina da shugaba da akawu da maigadi, wanda ya ce shi ma yana da haƙƙin ya ga wanda aka kusa dukansa dominsa. Kowa ya tuɓe takalmi. Na rufe takardar taro na buɗe wasan, ga gada, ga ƙato da gatarinsa, tsawonsa duka bai wuce ɗan yatsana ba. Surukina ya sunkuya ya dube shi. Ya zagaya ya leƙa bayan akwatin. Ya dawo ya nuna allon da yatsa.

“Wanga ɗan abin,” ya ce, “shi na ya hana ɗiyata cin abinci kwana biyu?”

Na so ƙasa ta buɗe. Ina jiran ya ɗauki rigarsa ya tafi, sai na ji ya ce in gwada masa yadda muke yi.

Na ruga kamar kullum, na yi ta danna sara, aka yi mini uku na faɗi, kiɗan makoki ya tashi. Ya ce in sake. Na sake, wannan karon jaka ta buɗe, aka kashe ni ina kallon burodi. Ya jawo kujerar akawu ya zauna dab da ni, kusancin da ba mu taɓa yi ba, har ina jin ƙamshin goron da ke bakinsa. Ya ce abin da nake yi ba faɗa ba ne, sussukar shinkafa ce, ita ce ake rufe ido a yi ta bugu. Ya tambaye ni ina nake kallo in mun haɗu. Na ce gatarin.

“Shi ya sa,” ya ce. “Ba a kallon hannu. Ƙahwa aka kallo. Duk sanda za shi kai sara sai ya maida ta hagu baya. Ba ka gani ba?”

Mako uku ina gaban ƙaton nan ban taɓa sanin yana da ƙafa ba. Na sake shiga don in duba, ai kuwa haka ne, sai ya ja ƙafar hagu, sannan gatarin ya biyo. Ina cikin mamakin ganin haka ya kashe ni karo na uku.

Surukina bai yarda ya taɓa madannan ba, ya ce bai san hawansu ba. Sai ya ɗora hannunsa na dama, wanda har lokacin yake naɗe, a kan kafaɗata. Ya ce in ya matsa in ja da baya, in ya buga in shiga in yi sara ɗaya tak in fito, kada in ƙara ko da na ga hanya. Muka fara. Matsar tasa kamar an sa kafaɗata a bakin ƙofa an rufe, bugun kuma har haƙorana suke amsawa. Amma gatarin ya fara wucewa ta gaban mayaƙina yana cin iska. A karo na huɗu na kai ƙaton rabi kafin kwaɗayi ya ja ni na ƙara sara na biyu, aka fille ni. Tsohon ya yi tsaki ya ce an gaya mini ɗaya.

A karo na biyar na bi umarninsa. Matsa, in ja baya. Bugu, in shiga in fito. Maigadi ya koma goyon bayan ƙaton, duk saran da na yi masa sai ya ja numfashi ya ce kai, bawan Allah yana bakin aikinsa. Akawu ya daina dariya. Can na ji wata murya ƙasa-ƙasa a bayana tana cewa garkuwa, garkuwa, na saci kallo na ga shugaba ne, ya cire tabarau ya riƙe a hannu. Gumi ya jiƙa mini riga. Ban san sara nawa na yi ba, na dai ga ƙaton ya saki gatari, ya durƙusa, ya kife a kan katakan gadar.

Na taka mayaƙina ya hau gadar a karo na farko. Akawu ya ce in yi maza in adana wasan kafin wani abu ya faru. Na miƙa hannu ke nan, surukina, cikin jin daɗi, ya sakar mini wannan hannun nasa a tsakiyar baya. Na kife kan madannan, tafina ya danne na tafiya hagu. Mayaƙin ya juya a natse, ya bi ta inda makarin gadar ya karye, ya faɗa gulbi. Kumfa ta taso sau uku. Kiɗan makoki ya biyo baya, allon ya mayar da mu bakin gada, ga ƙato tsaye da gatarinsa a kafaɗa kamar ba abin da ya faru.

Duk wanda ke ɗakin ya ga abin da ya jawo haka, kuma ba wanda ya faɗa. Surukina ya dubi allon, sannan ya tambaya ko mutumin nawa bai iya ruwa ba ne. Na ce kayan ƙarfe ne a jikinsa, Baba.

“Mutum shi tahi yaƙi bakin gulbi bai iya ruwa ba,” ya ce, yana warware ƙyallen hannunsa. Ya ce a Argungu ko mai tallan fura ta faɗa nan za ta fito da ƙwaryarta a kai. Daga nan ya fita batun mayaƙin gaba ɗaya. Ya ce in da shi ne ni, da ƙaton zai ɗauka, shi aƙalla ya san inda yake tsayawa.

Ya fita waje ya sa rigarsa da hularsa, ya je ya ba maigadi haƙuri hannu biyu. Kafin azahar na leƙa na gan su zaune kan reshen darbejiya suna shan shayi, maigadi na nuna masa wani tabo a ƙwauri, shi kuma yana nuna masa hanci. Shugaba ya kira ni ofishinsa. Na shiga ina jiran takardar tuhuma. Ya ce bai hana ni wasa bayan an tashi ba, amma don Allah in riƙa gaya wa iyalina gaskiyar abin da ke damuna, domin maigadi ɗaya gare mu.

Da zan raka surukina tasha, sai ya tsaya a baranda ya tambaye ni ko akwatin nan na yin wani abu ban da faɗa. Na ce takardu nake bugawa da shi. Ya ce to su manoman gefensu sun daɗe suna son rubuta takardar neman a gyara musu injin ban-ruwa, wanda ya saba rubuta musu kuma ya ƙaura. Na nemi izinin shugaba, ya ce in buga. Muka koma ciki, tsohon ya sake tuɓe takalmi, ya zauna yana faɗa ina juyawa zuwa Turanci. Sau biyu yana sa ni in karanta masa in fassara, ya cire wata kalma da ya ce ta yi kama da roƙo, su ba bara suke yi ba. Da takardar ta fito daga injin bugawa ya karɓe ta da hannu biyu, ya ɗaga ta sama ya duba, ya ce ko ba a iya karatu ba an san wannan magana ce mai nauyi. Bai yarda a ninke ta ba. Sai da na samo masa tsohon fayil ya sa ta a ciki, ya rungume shi a ƙirji har cikin mota.

Ran Juma'a da na isa gida labari ya riga ni. Mahaifiyata ta dube ni ta girgiza kai kawai. Matata ta kawo abinci ta ajiye, ta zauna can gefe tana tsince shinkafa, ta ƙi ɗago kai. Na ce mata ai da ta tambaye ni sosai da na faɗa mata. Ta ce ta tambaya, aka ce mata durowa ce. Sai dariyar da take riƙewa ta ƙwace, ta kifa fuska a faifan shinkafar. Na yi niyyar in ɓata rai, ban iya ba.

Sai da na ƙara kwana tara kafin in kayar da ƙaton ni kaɗai, na bi tsakiyar gadar a hankali kamar mai ɗauke da ƙwai. A ƙetaren gadar daji ne mai kyarketai, suna zuwa uku-uku ta kowane gefe, kuma ban taɓa wuce su ba. Ana haka aikin tantance ma'aikata ya taso, injiniyan ya dawo ya ce akwatin ya cika, ya goge wasan don a samu wuri. Injin ban-ruwan kuwa sai bayan damina aka zo aka gyara shi. Daga nan duk takardar da manoman fadamarsu za su rubuta, surukina ke kawo ta da kansa, ya sauka wajen maigadi su sha shayi, sannan ya aiko a kira ni.